Sai Albasa Ta Yi Kuɗi

Yaran nan masu walda a bakin titin Aliero sun yanke hukunci cewa ƙira ba sana'a ba ce, zaman jin ɗumi ne. A ganinsu, abin da na ƙarar da ƙuruciyata a kai har gemuna ya yi fari shi ne in cusa ƙarfe a wuta, in ciro shi, in yi ta jibga har ya gaji ya yarda. Babbar hujjarsu kuwa wani lauje ne da ke rataye a rumfata ya daɗe, wai a baibai na ƙera shi, shi ya sa ya ƙi sayuwa. Akwai wani cikinsu mai baƙin tabarau, wanda ko gaishe ka zai yi ba ya cirewa, da ya ce in ba shi mako guda zai koye sana'ar tas ya koma kan injinsa. Na ce Allah ya ba da sa'a, ya fara da zuga. Bai kai azahar ba ya ce wuyan hannunsa na ciwo, kuma akwai aikin ƙofa da ke jiransa.

Ni kawuna Magaji ne ya koya mini, a Jiga Maƙera, kuma na daɗe ina zuga kafin ya yarda hannuna ya taɓa masaba. Zugazugan namu na fatar akuya ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kana danna wannan kana ɗaga wancan don kada iska ta yanke. In ta yanke, kawu ba ya faɗa, ba ya zagi. Awartaki zai miƙo ya ƙwanƙwasa maka gwiwa da gindinsa, ya ci gaba da aiki kamar bai san kana wurin ba. A wannan zaman mutum ke koyon abin da ba a faɗa da baki: gawayin ƙirya daban, na sauran itace daban, da irin jan da ƙarfe ke yi in ya isa duka, da irin hasken da yake yi in ka bar shi ya wuce ya fara tartsatsi yana cin kansa. In ka ciro ƙarfe a kan kari, da ɗan duka kaɗan zai bi ka. In ka tsaya gaisawa da mai wucewa ya huce, sai ka sake hura wuta, ka sake ƙona gawayi, kuma ba lalle ya dawo yadda kake so ba.

Kayan aikina ba su da yawa, kuma babu mai shan fetur a cikinsu. Uwar maƙera, wadda a kanta ake duka, gado ce, ta girmi duk wanda ke raye a gidanmu. Sai masaba babba da ƙarama, da awartaki, da kurfin yankan ƙarfe, da magagari na goge baki. Ƙarfe daga Jega nake sayowa wurin 'yan gwangwan, sifirin ɗin tsohuwar mota don kalme da galma, rodi don ƙananan ayyuka. Kalme shi ne abin da mutanen gabas ke kira fartanya, su suka sani. Ranar da babu wuta kuma babu man janareta, masu walda inuwar rumfata suke zuwa su zauna suna danna waya, suna ba ni shawarar yadda zan inganta sana'ata.

Masu sayen kayana manoman albasa ne, kuma wanda bai zauna da manomin albasa ba bai san jira ba. Lokacin cira, albasa takan cika kasuwa har ta ba ka tausayi, motocin kudu su zo su kwasa yadda suka ga dama. Mai ƙaramin ƙarfi ne ke sayarwa a lokacin. Mai ƙarfi rumbun kara yake yi, ya ɗaga shi daga ƙasa, ya shanya albasarsa, ya zuba, ya rufe da ciyawa, ya zauna. Damina na yin nisa albasa ta yi wuya a gari, sai buhun da aka raina ya ninka kansa ya sake ninkawa. Da wannan jiran aka yi gidajen siminti a ƙasarmu, da shi aka je Makka. Don haka a wurinmu wanda ya iya cewa a dakata tukuna shi ne mai hankali, kuma amsar takan bi mutum har cikin gida. Rufin ɗaki na yoyo, a dakata. Keken ɗinkin uwargida, a dakata, sai albasa ta yi kuɗi.

A duk waɗanda na yi wa ƙira ban ga gwanin jira kamar Alhaji Ummaru ba, wani abokina tun muna samari, mutumin wani ƙauye da ke kusa da Kashin Zama. Tun da ya zama mutumin kansa bai taɓa sayar da ko kwando guda lokacin cira ba, kuma yana faɗin haka kamar yadda wani zai ce bai taɓa shan azumi ba. Kada ku ɗauka marowaci ne. Gidansa ana ci a ƙoshi, baƙo ba ya kwana da yunwa. Shi dai rumbu ne ba a buɗe masa sai lokaci ya yi.

Akwai laujen da na yi wa ɗansa Bashiru, har yau ina tuna aikin, don Bashiru bahago ne. Lauje na dama ba ya yi wa bahago aiki, ciyawa zamewa take yi a bakinsa, sai an juya lanƙwasar an fitar da kaifin ta ɗaya gefen. Na ba shi ƙota na ce ya yi kamar yana yanka a iska, na duba yadda wuyan hannunsa ke juyawa, sannan na sa ƙarfe a wuta. Lokacin saurayi ne sabon tashi, dogo, mai yawan dariya, kuma a dashen albasa ba a kama ƙafarsa, masu gonaki har rigima suke yi a kansa. Ya zauna yana tsokanata, wai in na mutu wa zai gaji uwar maƙera tun da 'ya'yana duk sun gudu sun koma kabu-kabu da babur. Na ce shi zan bar wa, ya dinga daka yaji a kai. Da lauje ya huce ya gwada shi a ciyawar bayan rumfa, ya ce yau ne ya san hannunsa ba shi da laifi.

To akwai wani aiki da masu walda ba sa sawa a lissafi in suna raina mu, don ba a rataye shi a bakin rumfa. Mari ke nan, wanda ake sa wa ƙafar mutumin da hankalinsa ya gushe, don kada ya shiga duniya ko ya ji wa wani ciwo. A ƙasarmu ba a zuwa a ce wa maƙeri ka yi mini mari na ɗana. Mutum zai zo ranar da ba kasuwa, ya gaishe ka har gaisuwa ta ƙare, ya tambayi kuɗin kalmen da ba saye zai yi ba, sannan ya zaro ɗan silin kaba daga aljihu, an ƙulle shi daidai kaurin ƙafa, ya ajiye a gefen uwar maƙera. Sai ya ce yana da maraƙi mai tsinke igiya. Kai kuma ka ce Allah ya shirya maraƙi. Haka na tarar kawu yana yi, haka na ci gaba. Tun da nake ban taɓa ganin maraƙin da ake auna wa ƙafa da kaba ba, kuma ban taɓa tambaya ba.

Yin mari ba wuya, yin sa da kyau ne wuya. Rodi ake lanƙwasawa guda biyu, kowace ƙafa da nata, da kunnuwa a baki, sai sandar da ake zurawa ta cikin kunnuwan a lanƙwashe ƙarshenta. Cikin ne aikin. Sai ka goge shi da magagari har ka shafa a kumatunka ba ka ji kaushi ba, ka bar wurin da yatsa zai shiga tsakanin ƙarfe da fata don ƙafa tana kumbura, sannan ka naɗe da tsumma mai laushi. Na ga wanda aka yi da walda, na ga kuma sarƙar babur da kwaɗo, ƙafar da na cire su a kanta ba zan ba ku labarinta kuna cin abinci ba. Kuma maƙerin da ya yi mari shi ke zuwa har gida ya sa, shi ke zuwa ya cire. A nan ake haɗuwa da maraƙin, wani lokaci ya gaishe ka da sunanka.

A irin waɗannan gidajen, kana haɗa kayanka za ka fita sai wata tsohuwa ta tare ka a soro ta fara ba ka labarin yadda abin ya soma, ko ba ka tambaya ba. Kusan labari ɗaya ne. Yaro ya daina barci, ya daina zama majalisa, ya fara tsarguwa da abinci, in an yi dariya ya ce da shi ake. Ba a taɓa ce mini rana ɗaya abin ya faɗo ba. Kowa sai ya ce ai tun bara muka ga alama.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, ana gama cirar albasa Bashiru ya zo mini da laujensa wai in wasa masa, alhali ko'ina a bushe, babu ciyawar da za a yanka. Ya rame, idanunsa sun yi ja, kuma bai zauna inda ya saba ba, can gefe ya raɓe. Babu tsokana, babu zancen gadon uwar maƙera. Na kama zuga ina aikin wani kalme, sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

“Baba Ɗanjuma, don Allah dakata da zugag ga.”

Na dakata. Na ce, “Mi tay yi ma?”

“Sunana ta ka kira.” Ya ɗago ya dube ni. “Na san hwata ta, na san ba ta da baki. Amma ina jin ta. Ko gida haka na, in an yi magana bayan ɗaki sai in ga kamar da ni a ka yi. Ko kwana ban iyawa. Baba, wani abu na damun kaina, kuma ni ba ni son shi.”

“Ka hwaɗa ma Alhaji?”

“Na hwaɗa ma Yaya Hajara. Ta ce ta kai ni asibiti.”

Hajara ita ce babbar yayarsa, tana aure a Maiyama, mace ce da ba ta ajiye magana ta kwana. Ta kuwa kai shi wani ƙaramin asibiti a can, wata ma'aikaciyar jinya ta zauna ta saurare shi da kyau, ta yi masa tambayoyi, ta gaya musu abin da za su yi. Da Hajara ta tashi kai wa uban maganar, sai ta biyo ta rumfata ta roƙe ni in raka ta, wai ni ne abokin Baba, yana jin kunyata. Na je. Bayan la'asar ne, Alhaji na zaune a zaure, daga inda yake ana hango rumbunan albasarsa a jere cike maƙil. Hajara ta durƙusa a bakin ƙofa.

“Baba, malamar asibiti ta ce ba hauka na ba tukuna. Ta ce alama ta, kuma ba dut mai alama ka zarcewa ba, amma likitan ƙwaƙwalwa na ka iya ganewa, can birni. Ta ce a kai shi tun shina gane kainai, tun shi da kainai ka cewa a taimake shi.”

Alhaji ya ce, “Mi a ka kashewa?”

Ta faɗa masa abin da aka gaya mata: kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, da kati, da magani in likita ya rubuta, kuma ba zuwa ɗaya ba ne, za a yi ta komawa ana duba shi. Ba ƙaramin abu ba ne, gaskiya, talaka zai ji a jikinsa. Amma ga mai rumbuna irin na Alhaji, bai wuce a buɗe ɗaya a ɗebi 'yan buhuna ba.

“In buɗe rumbu yanzu?” in ji Alhaji. “Yanzu da albasa ka kwana kasuwa ba mai tayi? Hajara, dut wanda yas saida albasa cikin watan ga, shi ya kamata a kai ma likitan, ba Bashiru ba. Yaron ga bai zagi kowa ba, bai bugi kowa ba, shina sallatai. Gajiyar cira ta. A dakata albasa ta yi kuɗi, ni da kaina ni ka kai shi, ko ina na.”

Na ce, “Alhaji, ran da injinka na ban ruwa yah hwara tari, ran nan kak kai shi Jega wurin makanike. Ba ka jira albasa ba.”

“Inji in yat tsaya gona ta ka mutuwa, Maƙeri. Yaro kau ga shi nan, shina ci shina sha.”

Akwai kuma abin da bai faɗa ba, amma duk mun ji shi a zauren. In aka ga an sa Bashiru a mota an nufi wancan asibitin, sunan ya kama shi ke nan, ko likita ya ce lafiyarsa lau, kuma saurayi ne da ake sa ran zai nemi aure. Bashiru na tsaye a bayan yayarsa, ya ji komai. Shi ne ma ya rufe zancen, ya ce, “To Baba, Allah shi kai mu.”

Abin da ke ba ni mamaki da mu shi ne, ƙasarmu ake zuwa ɗorin karaya daga nesa. In ƙafa ta karye da hantsi, kafin azahar an ja ta an ɗaure da karare, ban taɓa jin wanda ya ce a bar ƙashi sai albasa ta yi kuɗi ba. Amma ƙashi ana ganin karyewarsa, mai shi kuma yana ihu. Bashiru bai yi ihu ba, da ladabi ya roƙa.

Kada kuma ku ce Alhaji ya naɗe hannu. Ya nemi magani ƙwarai, mai araha. Limamin ƙauyensu ya yi wa yaron addu'a, ya ba da rubutu kyauta, ya kuma ce da Alhaji ya haɗa da asibiti, don Allah ne ya saukar da cuta ya saukar da magani. Alhaji ya karɓi rabin shawarar da ba a biya, ya bar wa liman ɗaya rabin. Sai wani mai magani da ke yawo kasuwa-kasuwa da lasifika, wanda ya ba da turaren hayaƙi ya karɓi zakara. Da hayaƙi bai yi ba ya ce iskan mai taurin kai ne, sai da akuya. Bayan akuya wani daban ya zo ya karɓi rago. Kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai bai kai kuɗin asibiti ba, kuma ba a buɗe rumbu ba, don dabbobin duk na uwar Bashiru ne.

Sai shekarar ta ɓaci. Zafi ya yi irin wanda ke dafa albasa a cikin rumbu, sannan ruwan fari ya zo da wuri da iska mai yaye ciyawa, ya shiga ko'ina. In ka bi hanyar Aliero lokacin, hancinka zai gaya maka labari kafin mutane. Albasa kuwa ta yi kuɗi, irin kuɗin da ba mu taɓa ji ba, don babu ita. Ranar da Alhaji ya buɗe rumbunansa baƙin ruwa ne ya biyo ƙafarsa, abin da aka tsince mai kyau bai taka kara ya karya ba. Ni ma na sha tawa, don manomin da albasarsa ta ruɓe ba ya sayen sabon kalme, tsohon yake kawowa a yi masa baki. Na koma ƙera wuƙar yankan kuɓewa da kibiyar tsifa, ina bi gida-gida kamar mai tallar kuka.

A cikin wannan daminar labarin Bashiru ya riƙa iso ni guntu-guntu. An ce ya daina cin abincin gidan, wai ana sa masa abu. An ce ya sassare tiyon ban ruwan maƙwabcinsu, wai ta ciki ake sauraronsa. Daga nan uwarsa ta aiko Hajara da laujensa naɗe a zani, ta ce in ajiye a wurina, ba ta son ƙarfe mai kaifi a gidan. Sai kuma aka ce ya fita ba takalmi, an yi ta nema, aka tsince shi a hanyar Maiyama ƙafafunsa sun farfashe, bai gane ƙanin ubansa da ya ɗauko shi ba.

Ranar da Alhaji ya zo rumfata ba ranar kasuwa ba ce. Mun gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ya ɗauki wani kalme ya jujjuya, ya tambayi kuɗinsa, shi da ya san kuɗin kalmena tun kafin a haifi Hajara. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro silin kaba a ƙulle, ya ajiye a gefen uwar maƙera.

“Maƙeri, ina da wani maraƙi…”

Na jira, bai ƙarasa ba, sai na ce, “Allah shi shirya maraƙi, Alhaji.” Na faɗi kuɗin aiki. Alhaji Ummaru, wanda ko allura zai saya sai ya taya, bai yi ciniki ba, bai ce a dakata ba, nan take ya biya. Na ji haushinsa ranar ƙwarai, na kuma ji tausayinsa, ban san wanda ya fi wani ba. Abin da na iya yi shi ne na zaɓi rodi mafi santsi a cikin tarina, na goge cikin marin nan fiye da duk wanda na taɓa yi.

Da hantsi na isa gidan, da ƙaramar masaba da guntun ƙarfen da nake dogara sanda a kai. An sa Bashiru a wani ɗaki na can baya, an ɗaure shi da igiyar shanu, ta ci masa idon sawu. Ƙannen Alhaji sun tsaya a shirye don su danne shi, amma ba a buƙace su ba. Yana ganina ya ce, “Baba Ɗanjuma, sannu da zuwa. Da zuga kaz zo?”

Na ce, “A'a, na baro ta gida.”

“Madalla.”

Na kwance igiyar, na wanke masa ƙafar da ruwan ɗumi. Shi da kansa ya miƙo, ta hagu ya fara miƙowa. Na sa, na zura sanda, na gwada yatsana tsakanin ƙarfe da fata, na lanƙwashe ƙarshen da masaba a hankali don kada ƙarar ta firgita shi. Duk wannan Alhaji na tsaye a bakin ƙofa ya ba mu baya, yana kallon inda rumbunan suke. Ina tattara kayana sai Bashiru ya leƙa ta gefena.

“Baba.”

Alhaji bai juyo ba. “Na'am.”

“Albasa ta yi kuɗi?”

Can Alhaji ya ce, “Ta yi, Bashiru.”

“To yaushe za mu?”

A cikin makon nan Alhaji ya sayar da gonarsa ta fadama, wadda ita ce idon gonakinsa, a shekarar da kowa ke sayarwa ba mai saye. Wanda ya fara tayawa ya sallama wa. Yanzu ba motar haya ta mutum biyu ba ce, sai da aka ɗauki shata, da majiya ƙarfi biyu a gefensa, kuma ba duba shi aka yi aka sallamo ba, kwantar da shi aka yi ya daɗe. Hajara ta bar gidanta ta je jinya. Ta ce mini likitan mutumin kirki ne, bai yi musu faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi, yaushe abin ya fara. Da ta faɗa masa sai ya rubuta kawai, ya ci gaba da aikinsa.

Ni na je na cire marin kafin a sa shi a mota, kuma ba a sake kirana gidan ba, alhamdu lillahi. Bashiru na nan gida yanzu. Yana shan maganinsa, yana gane kowa, yana zuwa masallaci, wata-wata Alhaji na kai shi birni, kuma duk lokacin da ranar komawa ta zo abin da ke hannu ake sayarwa, ko kasuwa ta yi ko ba ta yi ba. Sai dai ya yi nauyi, magana sai ka ja shi, hannunsa na ɗan rawa, dashen albasa kuwa wasu ke yi. Likita ya ce a hankali, ana samun waɗanda ke komawa aikinsu. Wani lokaci in Alhaji ya biyo da shi ta rumfata yakan zauna ina zuga bai ce in dakata ba, amma har yau bai sake tambayata wa zai gaji uwar maƙera ba.

Jiya ma mai baƙin tabarau ya sauko da laujen nan daga inda yake rataye, ya gwada shi a iska, ya yi dariya, ya ce in ba shi ya yanka da injinsa ya juya shi daidai, ko a samu mai saye. Na karɓe, na shafa masa mai kamar yadda nake yi duk bayan damina, na mayar da shi ƙusarsa. Na ce masa lauje daidai yake, na hagu ne, mai shi ne bai zo karɓa ba tukuna.